Yadda ake kula da shingen jiran zaruruwa a cikin laburaren manhaja

Duk wanda aka damƙa wa laburare (tarin lambar manhaja da wasu manhajoji ke kira su yi amfani da shi) da ke tafiyar da zaruruwa da yawa a lokaci guda, ko ba jima ko ba daɗe zai zo kan shinge. Zare shi ne layin aiki guda da ke gudana a cikin manhaja, kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansa. Shinge kuma wuri ne da aka ce kowane zare ya tsaya har sai sauran duk sun iso, sannan a sake su gaba ɗaya su shiga zagaye na gaba. A POSIX, wato ƙa'idar da tsaruka irin su Unix ke bi, sunan kiransa `pthread_barrier_wait`. Java na da `CyclicBarrier` tun sigarta ta 5 a 2004, Python ta samu `threading.Barrier` a siga ta 3.2, C++ kuwa sai a C++20 ta samu `std::barrier`. Tsarin macOS bai zo da shingen pthread ba, shi ya sa laburare da dama da ake so su yi aiki a ko'ina suke ɗauke da shingen da wani ya rubuta da hannunsa. Irin wannan ne za ka gada, kuma a kansa nake magana.

Tun daga farko ka riƙe abu ɗaya. Shiga shinge ba ta da wuya, ƙidaya ce kawai. Fitar ce ke da haɗari. Tsakanin lokacin da zare na ƙarshe ya iso da lokacin da zare na ƙarshe ya fice akwai ɗan taƙi, kuma kusan duk ɓarakar da na taɓa gani a shinge a cikin wannan taƙin take ɓuya.

Mataki na 1: rubuta alkawarin shingen kafin ka taɓa komai

Buɗe fayil ɗin, ka rubuta a samansa abin da shingen ya yi wa masu amfani da shi alkawari. Zaruruwa nawa yake jira, kuma adadin yana canzawa ko a kafe yake? Ana sake amfani da shi zagaye bayan zagaye ko sau ɗaya ne? Wa aka yarda ya rushe shi, kuma yaushe? Me ke faruwa idan zare ɗaya bai zo ba? Abin da zare ya rubuta kafin shinge, dole ne sauran su gan shi bayan shinge? Amsar ta ƙarshe ita ce e, a kowane shinge mai amfani, amma ka rubuta ta duk da haka, domin wanda zai zo bayanka da niyyar ƙara sauri ya san abin da ba a taɓawa.

Ka kuma rubuta abin da kiran jira ke mayarwa. A POSIX zare ɗaya tak ke samun `PTHREAD_BARRIER_SERIAL_THREAD`, sauran su samu sifili, kuma ƙa'idar ba ta ce wane zare ba ne. Idan naka shingen kullum na ƙarshe yake ba wa wannan matsayi na jagora, to wani zai dogara da hakan ko ba ka yi masa alkawari ba. Ka yanke shawara yanzu: alkawari ne ko ba alkawari ba ne.

Mataki na 2: duba yadda ake gane zagaye

Nan ne zan daɗe, domin nan ne gidan matsalar.

Shingen da aka rubuta cikin gaggawa yakan kasance da ƙidaya guda. Kowane zare ya rage ɗaya, idan ba ta kai sifili ba ya kwanta jira har ta kai. Na ƙarshe ya buga ƙararrawa (`pthread_cond`, abin da ake tashin masu jira da shi), ya mayar da ƙidaya yadda take domin zagaye na gaba. Ka ga inda aka faɗi? Masu barci ba sa farkawa nan take. Kafin zare na biyu ya buɗe ido ya sake kama kwaɗo (`mutex`, makullin da zare ɗaya kawai ke riƙewa a lokaci guda), na ƙarshe ya riga ya cika ƙidaya. Mai farkawa ya duba, ya ga ba sifili ba ce, ya koma barci. Shi ke nan, ba mai sake tashinsa. Idan kuma aka ce a bar ƙidayar a sifili har wani ya gyara daga baya, sai zare mai sauri ya zagayo ya tarar da ƙofa a buɗe, ya wuce shingen zagaye na biyu ba tare da ya jira kowa ba. Na farkon sandarewa yake kawowa, kowa ya gani. Na biyun ya fi muni, domin manhajar za ta ci gaba da aiki tana ba da amsar da ba daidai ba.

Maganin shi ne lambar zagaye. Mai jira ba ƙidaya yake kallo ba, lambar zagayen da ya shigo a cikinsa yake kallo, kuma ba zai tashi ba sai ta canza:

```c
int shinge_jira(struct shinge *s)
{
    pthread_mutex_lock(&s->kwado);
    unsigned long nawa = s->zagaye;
    if (--s->saura == 0) {
        s->saura = s->adadi;
        s->zagaye++;
        pthread_cond_broadcast(&s->kararrawa);
        pthread_mutex_unlock(&s->kwado);
        return 1;
    }
    while (nawa == s->zagaye)
        pthread_cond_wait(&s->kararrawa, &s->kwado);
    pthread_mutex_unlock(&s->kwado);
    return 0;
}
```

Ka ɗora wannan kusa da naka, ka bi layi-layi. Kalmar `while` ɗin nan ba ado ba ce. POSIX ta yarda `pthread_cond_wait` ya dawo ba tare da kowa ya buga ƙararrawa ba, don haka duk inda ka ga `if` a wurin, ka canza shi ba tare da jiran hujja ba. Haka nan `broadcast` ake so, ba `signal` ba, domin `signal` na iya tashin zare ɗaya kacal ya bar sauran a kwance.

Akwai wata dabara da ta shahara, wadda maimakon lamba ake amfani da tuta mai fuska biyu, ana juya ta kowane zagaye. Tana cikin hanyoyin da John Mellor-Crummey da Michael Scott suka tattauna a maƙalarsu ta 1991 kan daidaita aiki a injuna masu furosesa da yawa. Tana aiki daram muddin zaruruwan da ke amfani da shingen daidai suke da adadin da aka ba shi, saboda zagaye ba zai iya yin gaba sau biyu ba alhali wani yana ciki bai fita ba. Amma laburare ba ya zaɓar masu amfani da shi. Ranar da wani ya sa zaruruwa takwas a kan shingen mutum huɗu, rukuni na biyu na iya cika shingen su juya tutar ta koma yadda take tun na farko ba su farka ba. A laburaren gama-gari ni dai lamba nake zaɓa, tutar na bar wa wurin da nake da iko da kowane zare.

Mataki na 3: rushewa

Ga abin da mai amfani da laburarenka zai rubuta, kuma ba laifinsa ba ne: zare ya dawo daga jira, ya ga shi ne aka ba matsayin jagora, sai ya kira `shinge_rushe` ya saki memorin. A tunaninsa kowa ya wuce. Alhali sauran zaruruwan an tashe su ne kawai, suna layin kama kwaɗo, za su sake karanta `s->zagaye`. Kwaɗon da suke jira kuwa an riga an rushe shi, memorin ma wataƙila an ba wani. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ta sababbin hannu: a 2016 masu kula da glibc, laburaren C na GNU, sun sake rubuta shingensu da sabuwar dabara musamman domin a iya rushe shi lafiya da zarar zare ɗaya ya dawo daga jira.

Gyaran a shinge mai kwaɗo ba shi da tsawo. Ƙara ƙidaya ta biyu, ka kira ta `a_ciki`. Duk mai shiga ya ƙara ɗaya bayan ya kama kwaɗo, duk mai fita ya rage ɗaya kafin ya sake shi. Wanda ya mayar da ita sifili ya buga wata ƙararrawa ta daban. Mai rushewa ya kama kwaɗo, ya jira har `a_ciki` ta zama sifili, ya saki kwaɗo, sannan ya rushe. Wuri ɗaya ake zamewa: mai fita na ƙarshe dole ya buga ƙararrawar yana riƙe da kwaɗon. Idan ya saki kwaɗo tukuna, mai rushewa na iya shigewa tsakani, ya ga sifili, ya gama aikinsa, shi kuma wancan ya buga ƙararrawar da babu ita.

Ka bambanta wannan da rushe shingen da ake tsakiyar jira a kansa, zagaye bai cika ba. Wannan kuskuren mai kira ne. Ka mayar masa da `EBUSY`, kada ka zauna jiran abin da ba zai zo ba.

Mataki na 4: idan ɗaya bai zo ba

Shinge ba ya da haƙurin rashin mutum ɗaya. Zare ya ci karo da kuskure ya fice ta wata ƙofa, sauran su kwana a tsaye. Shingen POSIX ba shi da wa'adi, ba shi da hanyar sanar da karyewa. Java da Python sun ɗauki wata hanya: idan wa'adin wani ya cika yana jira, shingen ya karye ga kowa, sauran masu jira su tashi da `BrokenBarrierException` ko `BrokenBarrierError`. C++20 kuma ta ba zare damar yin sallama da `arrive_and_drop`, wato a ƙirga shi a wannan zagaye, a cire shi daga na gaba. `Phaser` na Java 7 ya ƙara da barin sababbi su shigo ana cikin tafiya.

Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wa'adin da ke barin zare ɗaya ya sulale shiru, ƙidaya ta ragu, sauran ba su sani ba. Zagaye na gaba zai buɗe da mutum ɗaya a baya, daga nan lissafi ya rikice har ƙarshen aiki. Idan za ka sa wa'adi, ka sa tutar karyewa a cikin shingen, mai jira ya duba ta a cikin `while` ɗinsa, wanda ya karya kuma ya tashi kowa. Sannan ka saita agogon ƙararrawar da `pthread_condattr_setclock` zuwa `CLOCK_MONOTONIC` a inda tsarin ya ba da dama, domin agogon da take zuwa da shi na bango ne, yana iya tsalle gaba ko baya idan aka gyara lokacin injin.

Sai maganar soke zare. `pthread_cond_wait` wuri ne da sokewa ke iya kama zare, kuma idan ta kama shi, yana sake riƙe kwaɗon kafin ya tafi. In ba ka tanadi mai share bayansa ba, ya tafi da kwaɗo a kulle. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe sokewa da `pthread_setcancelstate` a bakin shiga, ka mayar da ita yadda take a bakin fita.

Mataki na 5: idan shingen ba shi da kwaɗo

Muddin kana kan kwaɗo, shi ke ɗauke maka nauyin tabbatar da cewa rubutun wani zare ya isa idon sauran. Da zarar wani ya cire shi ya koma kan ayyukan atomik (waɗanda furosesa ke yi gaba ɗaya ba tare da wani zare ya shiga tsakani ba) domin sauri, nauyin ya dawo kanka. Abubuwa huɗu za ka duba, kuma jerinsu na da muhimmanci. Zare ya karanta lambar zagaye kafin ya rage ƙidaya, ba bayan ba, domin bayan ragewar zagaye na iya wucewa yana tsaye. Ragewar ta kasance da `memory_order_acq_rel`, saboda na ƙarshe ya tattaro rubutun duk waɗanda suka riga shi. Na ƙarshe ya cika ƙidaya tukuna, sannan ya sanar da sabon zagaye da `memory_order_release`. Masu jira su karanta da `memory_order_acquire`.

Na taɓa karɓar faci, wato gyaran lambar manhaja, daga wani abokin aiki da ya sassauta waɗannan zuwa `relaxed`. Gwaje-gwajenmu duk suka wuce, na amince, muka saki. Injunanmu duka masu furosesa samfurin x86 ne, kuma x86 ba ya yawan sauya jerin karatu da rubutu, don haka ya rufa mana asiri. Sai da manhajar ta hau injin ARM aka fara ganin wani zare yana karanta sakamakon zagayen baya jefi-jefi. Kwanaki na yi ina zargin lissafin da ke saman shingen kafin na dawo kan layi biyun da ni da kaina na sa wa hannu. Tun daga ranar duk facin da ya taɓa jerin memori, sai marubucinsa ya rubuta mini a gefen layin wane rubutu ne ke haɗuwa da wane karatu.

Game da jira ta hanyar juyi a wuri ɗaya maimakon barci: yana da sauri idan kowane zare na da kan furosesa nasa. Idan zaruruwa sun fi kawunan yawa kuwa, masu juyi suna cinye lokacin da zaren da ake jira yake buƙata domin ya iso. Ka yi juyi kaɗan, da umarnin `pause` a x86, in ba a buɗe ba ka kwanta. A Linux kwanciyar ta `futex` ce, wadda ke kwatanta lamba mai bit 32 kafin ta kwantar da zare, don haka lambar zagayenka ta dace da wannan faɗin. Kuma ka raba ƙidaya da lambar zagaye zuwa layin kash (ɗan memori mai sauri na cikin furosesa) daban-daban. Layin bayit 64 ne a yawancin injunan x86. Idan suna layi ɗaya, duk mai isowa zai girgiza duk masu jira.

Mataki na 6: gwajin da zai iya kama ɓarawon

Gwajin da ya kunna zaruruwa huɗu, suka wuce shinge sau ɗaya, aka ce an ci nasara, bai gwada komai ba. Ga wanda nake amfani da shi. Kowane zare na da gurbinsa a cikin jeri, gurbi na yau da kullum, ba atomik ba. A kowane zagaye zare ya rubuta lambar zagayen a gurbinsa, ya jira a shinge, ya karanta gurbin kowa ya tabbatar duk lamba ɗaya ce, sannan ya sake jira a shinge kafin ya koma sama. Jira na biyun dole ne, in ba haka ba mai sauri zai rubuta sabuwar lamba wani yana cikin karatu, ka zargi shinge a banza. A gefe kuma ka ƙirga sau nawa aka ba da matsayin jagora: ya zama sau ɗaya cif a kowace wucewa.

Ka maimaita shi sau miliyoyi, a yanayi daban-daban. Da zare ɗaya tak, domin shingen mutum ɗaya bai kamata ya tsaya ba. Da zaruruwa biyu, inda tsere ya fi zafi. Da zaruruwan da suka ninka kawunan furosesa sau huɗu. Sannan ka matse su duka a kan kai ɗaya da `taskset -c 0`. Ka watsa `sched_yield` nan da can a cikin shingen lokacin gwaji, musamman bayan buga ƙararrawa da kafin fita, domin ka faɗaɗa taƙin da muka yi magana a kai. Ka rubuta gwaji na daban da zai ƙirƙiri shinge, a wuce shi sau ɗaya, jagora ya rushe shi nan take ya saki memori, a sake, dubban sau.

Ka haɗa gwajin da `-fsanitize=thread`, wanda GCC da Clang duk suke da shi. Saboda gurbin ba atomik ba ne, zai yi ƙara idan shingen bai haɗa rubutu da karatu yadda ya kamata ba, ko da a x86 ne. Zai rage gudu sosai, ka rage yawan zagaye a wannan karon. Gwajin rushewa kuma ka sake shi da `-fsanitize=address`, a haɗi na daban, domin ba a cakuɗa su biyun. Ka sa wa kowane gwaji wa'adi, ta yadda idan ya sandare za a kashe shi a bar maka hoton memorinsa. Kuma ka nemi injin ARM ko da guda ɗaya ne a cikin jerin injunan gwajinka.

Mataki na 7: sauri, amma sai an auna

Idan zaruruwa sun yi yawa, ƙidaya guda da kowa ke bugu takan zama maƙogwaro. Akwai shinge mai siffar bishiya, inda ake haɗuwa rukuni-rukuni. Akwai kuma na yaɗa labari, na Hensgen, Finkel da Manber daga 1988, inda a kowane mataki zare ke sanar da wanda ke nesa da shi da tazarar 1, sai 2, sai 4, har labari ya game kowa: zaruruwa 64 na gamawa a mataki 6. Kafin ka ɗauko su, auna lokacin isowar kowane zare. Sau da yawa ba shingen ne ke da nauyi ba, rabon aikin ne bai daidaita ba, kowa na tsaye yana jiran zare ɗaya da aka jibga wa kaya.

Mataki na 8: ranar da aka kawo maka ƙarar sandarewa

Kada ka fara da karatun fayil. Ka nemi a haɗa `gdb`, manhajar binciken kuskure, da manhajar tana nan a sandare, a buga `thread apply all bt`, sannan a fito maka da `adadi`, `saura`, `zagaye`, da `nawa` na kowane mai jira. Waɗannan lambobin kaɗai sukan faɗi komai.

Idan `nawa` na kowa daidai yake da `zagaye`, kuma masu jira sun kasa adadi, shingen lafiyarsa ƙalau, wani ne bai zo ba. Nemo shi a cikin jerin: ko ya mutu, ko yana jiran wani kwaɗo da ɗaya daga cikin masu jira ya shigo shinge da shi a hannu, ko kuma aikinsa na kwance a layi saboda ma'aikatan rumbun zaruruwa (ƙayyadaddun zaruruwan da ke ɗaukar ayyuka daga layi) duk sun ƙare a bakin shingen. Wannan na ƙarshen yana faruwa duk lokacin da aka ba shinge adadin da ya fi yawan ma'aikatan rumbun. Idan ka ga mai barci da `nawa` ƙasa da `zagaye`, an buɗe ƙofa ba a tashe shi ba, laifin na shingenka ne, koma mataki na 2. Idan `saura` ta fi `adadi`, ta zama wata ƙatuwar lamba, an rage ta ƙasa da sifili ke nan: a shinge marar kwaɗo ka duba ko an sanar da sabon zagaye kafin a cika ƙidaya, ko zaruruwan da ke shiga sun fi adadi. Idan kuma lambobin gaba ɗaya shirme ne, babu mai kama da wani, to memorin da aka riga aka saki kake kallo, sai ka tambayi wa ya kira `shinge_rushe` da kuma daga wane zare.